Yadda Muryar Inna Ta Fita Titi

Inna ba ta taɓa son waya ba. Ƙaramar nan mai madannai da yayana ya saya mata, a ƙarƙashin filo take kwana, a can take yini. In ta yi ƙara sai ta ɗauko ta da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama, ta ce, "Wane ne?" ta ce, "Lafiya lau," ta kashe. Bafulatana ce, daga wata ruga aure ya kawo ta cikin garin Katagum, kuma duk daɗewarta a gidan Baba Hausa ba ta gama zama a bakinta ba. Namiji ta ce masa ita, mace ta ce mata shi. Mu 'ya'yanta mun saba har ba ma ji. Ita kuwa ta san wasu suna ji, shi ya sa a gaban baƙi maganarta ba ta wuce gaisuwa.

Lokacin da Baba ya rasu duk mun riga mun bar gida. Yayana yana aiki a Fatakwal, ƙanwata tana aure a Kano, ni kuma ina Azare, ina ɗinkin mata a wani ɗaki da maigidana ya ware mini kusa da zaure. Mun yi mun yi Inna ta dawo wurin ɗayanmu, ta ƙi. Ta ce awakinta ba su san wani gari ba sai Katagum. Muka bar ta, amma hankalinmu bai kwanta ba, don in ka kira ta ba abin da za ka samu sai "lafiya lau", ko da zazzaɓi ya kwana biyu yana dafa ta.

Wani zuwa da ta yi Azare ganin jikoki, na lallaɓa ta muka shiga kasuwa, shagon wani Ibo mai sayar da wayoyi. A garin nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Inna tsayuwa. Na ce ya ba ni babbar waya mai sauƙi, wadda tsohuwa za ta iya. Inna ta juya baya tana kallon masu wucewa, wai ita ba da ita ake ba. Shi kuwa bai tsaya yi mata dogon bayani ba. Ya danna wani ɗan wuri a fuskar wayar, ya ce, "Mama, ina wuni, ya gajiyar hanya?" ya saki, sannan ya kunna. Muryarsa ta fito, ga shi kuma a tsaye bakinsa a rufe.

Inna ta juyo. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta dube ni ta ce, "Ashe kaset ne."

Tana da ƙani da ya tafi Makka tun yana saurayi bai dawo ba, kuma shekara da shekaru abin da ke haɗa su shi ne kaset ɗin da yake ba alhazai su kawo mata. Ina tuna yadda takan rufe ƙofa ta zauna gaban rediyon Baba, ta ji, ta juya, ta sake ji, har zaren ya tsinke a liƙa shi da salatif. Da ta gane wannan ma irinsa ne, sai ta miƙa hannu ta karɓa da kanta. A nan babu mai jiran ta a ɗaya gefen, tana iya yin shiru ta nemo kalma. In ta ji ta karkace, ta ja yatsa ta zubar, ta sake sabo. Karatu ma bai shigo ciki ba. Na sa mata hotunanmu, in tana son ni ta taɓa fuskata, in tana son yayana ta taɓa tasa.

Daga ranar da ta koma Katagum saƙo ya fara zuwa. Kullum da hantsi, bayan ta ba awaki dusa, sai in ji wayata ta yi motsi. Ina yanka yadi ina sauraro. Kogi ya cika har ya taɓa gonar shinkafar wane. Kazar maƙwabciya ta ƙyanƙyashe a cikin murhunta, yau ba girki sai an lallashi kaza. Ta yi mafarki da Baba yana neman hularsa. Wani lokaci ta yi wa jikoki waƙar raino da Fulatanci, wadda ban taɓa jin ta yi mana ba. A wayar nan na san cewa uwata tana da ban dariya. Na girma a ɗakinta ina ɗauka ita mace ce mai shiru, ashe wurin faɗa ne ba ta samu ba. Tsofaffin unguwarsu suka gani, suka matsa wa 'ya'yansu su ma a saya musu. Da yamma sukan taru a tsakar gidan maƙwabciyarta mai sola, ana caji ana koya wa juna, Inna ce malamarsu.

Yanzu sai in kawo ɗan Goggo. Goggo ƙanwar Baba ce, tana aure a nan Azare, mijinta Babarbare ne. Ɗanta abokin wasana ne ta kowace fuska, kuma na girme shi nesa ba kusa ba. Da ya gama makaranta bai samu aiki ba, ya sayi kyamara ya fara ɗaukar hoto da bidiyo a wurin biki. Ni na buɗe masa ƙofa. Duk amaryar da ta kawo mini ɗinki, duk uwar da ta zo fitar da anko, in ta tambaye ni wa zai yi musu hoto, sunansa nake ba su. In ce ɗan'uwana ne, yana da kunya, ku bar shi ya shiga cikin mata ba komai. A bakina ya samu shiga gidajen da ko zaurensu ba zai taka ba. Shi ya buɗe mana guruf na dangi a waya, har Inna ya sa a ciki, shi ke kula da shi. Ban da wannan yana da shafi inda yake sa gajerun bidiyo na barkwanci, ni ban cika kallo ba.

Shekarar da na yi sauka a islamiyyar matan aure, shi ya ɗauke mu hoto ranar walima. Hoton ya yi kyau, na sa shi a matsayin hotona a waya. Shi ma ya sa shi a matsayin hoton guruf ɗin dangi don taya ni murna. Babu wanda ya tuna cewa akwai mai gane mutane da fuska kawai. A wayar Inna fuskata ta zama biyu.

Ina kasuwa sayen zare da shafin riga, data a kashe, sai ga kiran yayana. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Kin ji abin da Inna ta tura guruf?"

Na koma gefe na kunna. Magana ce ta uwa da 'yarta. Larura ce irin ta mata masu shekaru, in ta yi tari ko ta ɗaga abu mai nauyi fitsari ya kufce mata, alwala ba ta tsayawa. Ta daɗe tana ɓoyewa. Tana so in tambayar mata likita mace a Azare, kada kowa ya sani. Don ta rage wa kanta nauyin maganar, sai ta ƙarasa da wasa irin nata, ta ce, "Fitsari ta ƙi jin magana. Ni ne babba ko ita ne babba?" ta yi 'yar dariya.

A guruf ɗin nan akwai surukai, akwai 'ya'yan 'yan'uwa, akwai ƙannen Baba maza. A lokacin mai turawa ne kaɗai ke iya gogewa, Inna kuma ba ta iya ba. Na kira maƙwabciyarta na roƙe ta ta karɓi wayar da sunan za ta duba caji, na bi da ita mataki mataki har ta goge. Ba wanda ya ce komai a guruf. Kowa ya yi kamar bai ji ba, kuma na gode musu a raina. Muka haɗa baki da yayana da ƙanwata cewa ba za mu gaya wa Inna ba. Na mayar mata da amsa a wurin da ya kamata, na ce in sha Allah zan nemo likitar. Na ɗauka magana ta mutu.

Bayan 'yan makonni ina cikin adaidaita, mun tsaya a bakin tasha ana sauke wata mata da kayanta. Gefenmu teburin mai shayi ne, samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyatawa. Na ji kiɗa. Sai na ji muryar uwata a kan kiɗan. "Ni ne babba ko ita ne babba?" An yanko, an maimaita, an maimaita, an haɗa da ganga. Na sauka ban san na sauka ba. Na ce wa mai wayar, "Ɗan samari, ba ni in gani." Ya miƙo yana share hawayen dariya. Ɗan Goggo ne. Ya ɗaura zane, ya kafa ɗankwali, ya shafa toka a gira, yana riƙe da buta yana tafiya a duƙe yana matse ƙafafu, bakinsa yana bin muryar Inna. Kuma bai tsaya a wannan jimlar ba, ya bar farkon maganar duka yadda kowa zai san abin da ake nufi.

Daga nan shagonsa na wuce. Na same shi yana gyaran hotunan wata amarya a kwamfuta. Ya ce, "A'a, Yaya, yau ke ce da kanki?"

Na ce, "Muryar wa ka sa a bidiyonka?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Haba Yaya, ai ban faɗi suna ba. Wa zai gane?"

"An goge saƙon. A ina ka samu?"

"Na riga na ajiye. Wallahi wasa ne. Fulani da Barebari fa, kin san tsakaninmu. Kin ga yawan mutanen da suka kalla kuwa? Ban taɓa yin wanda ya tafi haka ba."

Ya juyo mini da wayar don in ga yawan masu kallon. Wannan juyowar ita ce ban manta ba. Na ce ya cire. Ya ce zai cire, ya kuma cire a gabana, amma ni da shi mun san abin ya riga ya bar hannunsa. Yana wayoyin 'yan acaɓa, yana guruf-guruf, yara suna rera shi a hanyar makaranta. In masu adaidaita biyu suka yi karo a mararraba sai ɗaya ya ce, "Ni ne babba ko ita ne babba?" a fashe da dariya. Har a ɗakin ɗinkina wata ta faɗa ina gwada mata riga, ba ta san 'yar wa take gaya wa ba. Na ci gaba da sa mata fil.

A Azare ba a san mai muryar ba. A Katagum kuwa babu wanda bai san ta ba. Maƙwabciyarta ce ta ba ni labari. Ana suna a unguwa, mata sun cika tsakar gida, Inna tana cikin manya a kan tabarma, sai wata yarinya ta kunna wa ƙawayenta. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta yi wa yarinyar tsawa. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta tashi, ta nemi takalmanta, ta yi wa maijego Allah ya raya, ta tafi gida.

Washegari wani direban motar Katagum ya kawo mini leda. A ciki akwai kuka da daddawa kamar yadda ta saba aiko mini. A ƙasa kuma wayar ce, naɗe a tsohon ɗankwali, har da cajarta. Ba saƙon baki.

Na bi motar da ta kawo ledar. Na samu Inna a gindin bishiyar tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara, da Fulatanci, kanta a kan faifai. Ta ce, "Na ɗauka fuskarki ce." Ba ta yi kuka ba. Na ce mu tafi Azare a ga likita. Ta ce ta warke. Daga lokacin ta daina zuwa suna, ta daina zuwa tafsirin mata, ko kogi ba ta leƙawa. Tsofaffin da ta koya wa waya, ɗaya bayan ɗaya suka mayar wa 'ya'yansu. Maƙwabciyar ta ce mini ita ma yanzu in za ta yi magana sai ta kai tata wayar ɗaki ta rufe da kwano.

A motar dawowa na yanke abin da zan yi. Ban yi niyyar zagi ba, ban yi niyyar kai ƙara ba. Yayana ya ce zai zo ya karya masa kyamara, na ce ya zauna inda yake, kyamara ana sayen wata. Ni na san ta inda abincinsa yake shigowa, don ni na haƙa masa hanyar.

Da farko na yi tunanin in yi saƙon murya in watsa a guruf-guruf na mata. Na ɗora yatsa sai na fasa. Wanda ya yanka muryar Inna zai yanka tawa. Sai na koma baki da baki. Ɗakin ɗinki wuri ne da mace ke tsayawa cak, hannuwa a buɗe, ba inda za ta sai ka gama awo. Ina zagaya tef a ƙugun amarya, uwarta tana zaune, sai in tambaya wa zai yi hoto. In suka ambace shi sai in ce, "To, Allah ya sa alheri." In yi shiru. Ba uwar da ke jin irin wannan shirun ta ƙyale. Sai ta ce, "Ba ɗan'uwanki ba ne? Da ke kike ba da shi."

In ce, "Shi ne. Kin san bidiyon nan na tsohuwa da buta?"

"Wa bai sani ba?"

"Uwata ce. Matar kawunsa. Saƙon rashin lafiya ta turo mini ya faɗa hannunsa."

Ba na ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru. Ba na cewa kada ku ɗauke shi. Ina barin uwar ta dubi 'yarta, ta tuna cewa ranar kamu da ranar wuni mata ne zalla, ana rawa, mayafi yana zamewa, kuma duk yana shiga kyamarar mutum ɗaya ya tafi da shi gida. Na ga fuskokin da suka yi dariyar bidiyon nan suna canjawa a gabana, kuma kowace fuska ta rage mini wani abu a ƙirji. Na nemo wata mata mai hoto daga Misau, wadda aikinta bai kai nasa kyau ba a lokacin, na riƙa ba da lambarta. Har takardun adireshinta na ajiye a kan keken ɗinki.

Aiki ya fara ja masa baya, amma bai gane daga ina ba. Sai ga bikin 'yar wani babban ɗan kasuwa, irin bikin da duk mai hoto a garin yake mafarkinsa. Sun riga sun ɗauke shi tun kafin su zo wurina, kuma Hajiya uwar amarya ba ta zuwa awo, aike take yi. Na ɗinka kayan, na ƙi ba 'yar aike, na ce ni zan kai da kaina saboda gyara. Na zaɓi ranar kamu. Na isa da la'asar, an shimfiɗa dardumai, an jera kujeru, shi kuma yana tsakar gida yana kafa fitilunsa. Ya hango ni ya ɗago hannu. Na ɗaga masa.

Na samu Hajiya a ɗakinta ana ɗaura mata ɗankwali. Muka gwada kaya, suka zauna daidai. Na ce, "Hajiya, akwai abin da in ban nuna miki ba na ci amanarki." Na kunna mata bidiyon, don na ajiye shi, kamar yadda shi ma ya ajiye. Ta fara murmushi, ta ce ai ta taɓa gani. Na gaya mata ko muryar wace ce, da yadda aka yi ya same ta, da kuma cewa mai butar shi ne ke tsakar gidanta yanzu. Murmushin ya ɗauke. Tata uwar tana zaune a bakin gado, tsohuwa mai carbi. Hajiya ta dube ta, ta dube ni, ta tashi ɗankwalin a rabin ɗauri.

Na bi ta har bakin ƙofa na tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, amma tsakar gidan ta ji. Ta ce, "Kai, naɗe kayanka. Abin da ka ɗauka tun safe, goge shi a gabana." Ya ce, "Hajiya, lafiya? Me na yi?" Ta ce, "Je ka tambayi matar kawunka." Ya juyo, idonsa ya faɗa cikin nawa. Ban kau da kai ba. Na tsaya na kalli yadda ya kwance fitilun ɗaya bayan ɗaya, waya tana harɗe masa ƙafa, 'yan mata suna matsa masa hanya ba mai cewa sannu. Da ya fita na karɓi lemon da aka miƙo mini na shanye. Na daɗe ban ji daɗin abin sha kamar na ranar ba.

Kafin a kai amarya labari ya gama gari. Bayan wannan ban ƙara buƙatar cewa komai ba, mata suka ɗauka daga inda na tsaya. A wasu gidajen har aka fara ajiye kwando a ƙofa ranar taron mata, kowa ta zuba wayarta kafin ta shiga.

Goggo ta zo gidana tana kuka. Ta ce, "Ke da ɗan'uwanki? Kin kashe masa sana'a. Yaro ne, kuskure ya yi."

Na ce, "Goggo, kuskure shi ne na Inna, da ta taɓa fuskar da ba ita ba. Shi zane ya nemo, ya nemo buta, ya nemo kiɗa."

Ta ce za su je Katagum ba da haƙuri, in raka su. Na raka su. Ya durƙusa a gaban Inna yana hawaye, kuma ba zan ce hawayen ƙarya ba ne. Inna ta ce ta yafe tun kafin ya rufe baki. Ta sa aka dama musu fura. Da suka fita gaida mutane ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki bar shi haka." Na ce to. Kuma na bari, ban sake nuna wa kowa bidiyon ba.

A hanyar dawowa ya matso kusa da ni a mota. Ya ce, "Yaya, tunda Inna ta yafe, don Allah ki yi ɗan saƙon murya ki tura wa matan nan, ki ce an daidaita. Maganarki suke ji."

Na ce, "Ni yanzu ban iya saƙon murya ba."

"Ko rubutu ne."

"Wanda ya tambaye ni zan gaya masa ka ba da haƙuri. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Amma ban san wanda zai tambaya ba."

Ya koma wurin zamansa har muka shiga Azare.

Inna ta kusa shekara kafin ta yarda na kai ta asibiti, shi ma sai da na rantse mata cewa likitar ba 'yar garin nan ba ce. Aka duba ta, aka ba ta magani da wasu dabaru, ta samu sauƙi sosai. Likitar ta ce da an zo da wuri da wahalar ba ta kai haka ba. Na ƙara wannan a kan abin da nake riƙe da shi. Na yi ƙoƙarin mayar mata da babbar wayar. Na cire ta daga guruf, na goge kowa na bar mu uku, na nuna mata cewa yanzu ko ta yi kuskure a cikin 'ya'yanta zai tsaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Abin da ya shiga ciki ba ya mutuwa, ko?" Na kasa ce mata yana mutuwa. Ta ce in ba jikarta ta yi karatu da ita.

Shi kuwa ya sayar da kyamarar, ya kama rumfa a kusa da tasha yana sayar da caja da murfin waya. Muna haɗuwa a sabgar dangi. Ya gaishe ni, in amsa daidai yadda addini ya ce, in wuce.

Bara ya nemi aure a Dagauda. Uwar yarinyar ta zo Azare fitar da anko, aka kwatanta mata ni. Ta zube atamfofi a gabana, muna cikin lissafin mutum nawa ne sai zance ya kawo sunan ango, ta gane dangi muke. Ta yi murna. Ta matso ta rage murya ta ce, "To ke za ki gaya mini gaskiya. Yaya halinsa?"

Na tuna na ce wa Inna na bari. Na kuma tuna na ce wanda ya tambaye ni zan ba shi amsa. Na ajiye almakashi na gaya mata komai daga farko, na gaya mata ya je ya durƙusa, an yafe masa, kuma tun daga lokacin ban ji ya sake yi wa wani ba. Ta tambaye ni ko ni na yafe. Na ce ba ni ya yi wa ba, amma a'a. Na naɗe mata atamfofinta na kwatanta mata wata tela a bayan kasuwa, na ce hannunta ya fi nawa sauri.

An ɗaga bikin. Iyayen yarinyar suka yi ta bincike, suka aika har Katagum, Inna ta ce musu yaron kirki ne. Bayan damina aka ɗaura. Inna ta zo Azare ta kwana a gidana, da safe ta yi wanka ta sa sabon zane, ta ce in tashi mu bi motar 'yan ɗaukar amarya. Na ce ina da ɗinkin makaranta da na yi alkawari. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce na fi ubana taurin zuciya. Na raka ta bakin titi, na tare mata adaidaita zuwa gidan Goggo, na dawo na hau keke.